Ka danna Submit, fom ya yi shiru: laifin wa?

Ranar ƙarshe ce ta biyan kuɗin rajista, saura sa'o'i uku a rufe shafin, sai ƙanwata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, duba mini, abin nan sai juyawa yake yi." Ta cika fom ɗin makarantarsu tsaf, ta saka lambar katinta, ta danna Submit. Wani ɗan da'ira ya fito yana ta kewayawa. Ta jira kamar minti biyu ba ta ga komai ba, ta sake dannawa. Kafin in karɓi wayar, alat biyu sun shigo, an cire kuɗin sau biyu. Shafin kuwa har zuwa lokacin bai ce an karɓa ba, bai ce an ƙi ba. Sai da ta yi makonni tana zirga-zirga tsakanin banki da ofishin makarantar kafin a mayar mata da guda.

A gida kowa cewa ya yi netwok ne. Ni ban yarda ba. Gaskiya ne netwok ɗinmu yana ɗaukewa, amma wanda ya gina fom ɗin ya san da haka tun kafin ya fara aiki. A ganina, fom ɗin da zai karɓi bayananka ko kuɗinka sannan ya bar ka cikin duhu, ba a gama gina shi ba. Mun saba ɗora wa kanmu da wayoyinmu laifin da ba namu ba, kuma muddin muna yin haka ba wanda zai gyara.

Abin da ke faruwa bayan ka danna maɓallin

A da, idan ka tura fom a intanet, shafin gaba ɗaya ne yake ɓacewa, burauza ta ɗauki bayananka ta kai wa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, sannan sabon shafi ya buɗe da amsa. Akwai jinkiri, amma kana ganin komai. Idan netwok ya yanke, burauzar da kanta za ta nuna maka. Idan ka yi ƙoƙarin sabunta shafin, za ta gargaɗe ka cewa kana shirin sake tura bayanan da ka riga ka tura.

Yanzu fom da yawa ba haka suke aiki ba. Shafin yana nan inda yake, sai wani ɗan shiri da aka rubuta da yaren JavaScript ya tattara abin da ka cika, ya aika ta bayan fage, ya jira amsa, sannan ya canza ɗan ɓangaren shafin kawai. Kamfanin Microsoft ne ya fara saka kayan aikin yin haka a burauzar Internet Explorer 5 a 1999. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 suka nuna wa duniya amfaninsa, kuma a watan Fabrairun 2005 Jesse James Garrett ya raɗa wa salon suna Ajax. Shi ya sa kake danna alamar so a Facebook ba tare da shafin ya sake buɗewa ba. Dabara ce mai kyau, tana rage cin data, tana kuma sa shafi ya yi sauri.

Sai dai tana da tsada ta wani ɓangaren. Tunda saƙon ta bayan fage yake tafiya, burauza ba ta ƙara yi maka bayani. Idan an samu matsala, ba mai gaya maka sai wanda ya rubuta shirin. In bai rubuta abin da za a nuna maka ba, shiru za ka ji.

Ka ɗauka ka aiki yaro kanti da kuɗi, kai kana gida kana jira. Abu huɗu na iya faruwa. Ko dai yaron bai ma fita daga gidan ba, ko ya ɓata a hanyar zuwa, ko ya isa mai kanti ya ƙi sayar masa, ko kuma mai kanti ya karɓi kuɗin ya ba shi kaya, yaron ya maƙale a hanyar dawowa. Kai da ke zaune a gida, duka huɗun kamanninsu ɗaya: yaro bai dawo ba. Amma a na huɗun kuɗinka ya riga ya tafi. Idan ka sake aiken wani yaron da wani kuɗin, ka biya sau biyu. Abin da ya sami ƙanwata ke nan. Saƙonta na farko ya isa, an cire kuɗin, amsar ce ba ta dawo wayarta ba.

Saba tana magana, ba a isar maka ne

Abin haushin shi ne, a lokuta da dama sabar ta ba da amsa, ta kuma faɗi takamaiman abin da ya faru. Kowace amsa tana zuwa da lamba mai alƙaluma uku. Lamba 200 na nufin komai ya tafi daidai. Waɗanda suka fara da 4 na nufin matsalar daga saƙon da aka tura take: 400 bayanan ba su yi daidai ba, 401 ba ka shiga asusunka ba ko shigarka ta ƙare, 403 ba ka da izini, 404 adireshin da aka tura saƙon babu shi, 413 abin da ka ɗora ya yi girma, 429 ka tura da yawa cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka fara da 5 na nufin laifin daga sabar ne: 500 shirinta ya faɗi, 503 ta cika ko ana gyara, 504 wata sabar da ke bayanta ba ta amsa da wuri ba.

To me ya sa ba ka gani? Ga ɗaya daga cikin dalilan. Hanyar da masu gina shafuka ke yawan amfani da ita wajen tura saƙo a yau sunanta fetch, ta shigo Chrome a 2015. Ita fetch ba ta ɗaukar 404 ko 500 a matsayin gazawa. A wurinta, tunda amsa ta dawo, aiki ya yi. Sai mai gini ya duba lambar da kansa. Wanda ya manta, fom ɗinsa na iya rubuta maka an yi nasara alhali sabar ta ƙi karɓa, ko ya tsaya cak saboda yana jiran amsa mai wani tsari sai aka ba shi shafin kuskure. Haka kuma fetch ba ta da wa'adin jira nata na kanta. In ba a saka mata ba, da'irar nan za ta yi ta juyawa har sai burauza ta gaji. Gyaran waɗannan biyun bai wuce 'yan layuka ba.

Kurakuran da suka fi cizon mu

Akwai matsalolin da mu masu amfani da waya a wannan yankin muka fi cin karo da su, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya shafi ƙarfin netwok.

Ta farko sunayenmu. Sa'idu, Asma'u, Rabi'u, Shu'aibu, duk suna da alamar nan ta ɗauri a tsakiya. Fom da yawa an tsara su ne su karɓi haruffan Turanci 26 kawai, sai su ƙi sunan ba tare da sun faɗi dalili ba. A wasu kuma alamar tana rikita umarnin da ake ba rumbun bayanai, sabar ta faɗi da 500, kuma wannan alama ce ta cewa tsaron shafin ma yana da rauni. Ƙari a kan haka, wasu allunan rubutu na waya, kamar na iPhone tun daga iOS 11, suna mayar da alamar mai lanƙwasa, wadda a wurin kwamfuta wani harafi ne daban da miƙaƙƙiyar. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, su ma suna buƙatar tsarin UTF-8 tun daga fom har rumbun bayanai, in ba haka ba su koma alamar tambaya. Mutum ya rubuta sunan da iyayensa suka raɗa masa, a ce ya yi kuskure, wannan ba ƙaramin raini ba ne.

Ta biyu hoto. An ce ka ɗora fasfo, ka ɗauka da kyamarar wayarka, hoton ya kai megabait uku ko biyar. A tsarin da PHP ke zuwa da shi, iyakar fayil ɗaya megabait 2 ce, a nginx kuwa iyakar saƙo megabait 1 ce, sai in mai shafin ya ƙara. Datarka za ta ƙone wajen ɗora hoton, sabar ta mayar da 413, kai kuma ka ga da'ira tana juyawa.

Ta uku ƙarewar lokacin zama. Ka buɗe fom, ka tashi neman takardar haihuwa, aka ɗauke wuta, ka je sallah ka dawo. Shafin yana nan kamar yadda ka bar shi, amma sabar ta manta da kai. A tsarin asali na PHP, bayan daƙiƙa 1440, wato minti 24, ba motsi, ana iya share zamanka. Shafukan da aka gina da Laravel kan mayar da lamba 419 idan shaidar tsaron da ke cikin fom ɗin ta ƙare. Ka danna Submit, a ƙi saƙon, ba wanda ya gaya maka cewa sake shiga kawai ake buƙata.

Ta huɗu ƙaramar ma'ajiyar aiki ta waya. Fom ya turo maka lambar sirri ta tes, ka fita ka duba, ka dawo ka tarar shafin ya sake buɗewa fanko. Android ce ta rufe burauzar don ta samar wa wata manhajar wuri, abin da ya zama ruwan dare a wayoyi masu RAM gigabait 2. Mai ginin da ya san irin wayoyin da jama'arsa ke riƙewa zai sa fom ya riƙa ajiye abin da ka rubuta a cikin burauzar, ban da lambar kati da kalmar sirri.

Haƙƙin da ke kan masu gini

Ba abin mamaki nake nema ba. Da zarar an danna maɓalli, a kulle shi, a rubuta cewa ana turawa, don kada a danna sau biyu. A saka wa jira iyaka. Tun 1993 masanin tsara manhajoji Jakob Nielsen ya bayyana cewa daƙiƙa 10 ita ce kusan iyakar da hankalin mutum ke tsayawa kan abin da yake jira, bayan nan dole a riƙa nuna masa inda aka kwana. Idan wa'adi ya cika ba amsa, a faɗi gaskiya: ba mu tabbatar ko saƙonka ya isa ba, kada ka sake biya, duba nan.

Mafi muhimmanci, a ba kowane biya shaida tasa ta daban tun kafin a tura shi. Idan saƙo ya iso sau biyu da shaida ɗaya, sabar ta gane cewa abu ɗaya ne, ta aiwatar sau ɗaya, ta maimaita amsar farko. Wannan ba sabon ilimi ba ne, kamfanin biyan kuɗi na Stripe ya daɗe da tanadar wa masu gini wannan tsari a fili cikin takardun bayaninsa. Kulle maɓalli kaɗai bai isa ba, domin mutum na iya sabunta shafin ya sake cikawa. Kariyar gaskiya a sabar take.

Sannan a gwada fom a yanayin da za a yi amfani da shi. Wanda ya gina a kwamfuta mai ƙarfi da Wi-Fi na ofis bai ga abin da ɗalibi a ƙauye zai gani ba. A cikin kayan masu gini na Chrome akwai wurin da ake rage gudun intanet zuwa na 3G ko a katse shi gaba ɗaya, kyauta. Ana kuma iya jona wayar Android da kwamfuta ta kebul, a buɗe chrome://inspect, a ga kowane saƙo da amsarsa kamar yadda suke fita daga wayar. Duk mai koyon gina shafuka da ke karanta wannan, ya fara bincikensa daga sashen Network: shin saƙon ya fita, wace lamba ta dawo, me ke cikin amsar? Sai ya leƙa sashen Console. In ya ga jan rubutu mai ambaton CORS, burauza ce ta hana shafin karanta amsar da ta fito daga wani adireshin daban, kuma a sabar ake gyara wannan. In kuma shafin yana sake buɗewa da kansa duk lokacin da aka danna, galibi an manta da preventDefault ne, tsohuwar hanya da sabuwa suna karo.

Na san abin da masu gini za su ce, kuma suna da hujja. Sau da yawa ana ba su aiki a ƙurarren lokaci da kuɗi kaɗan, mai ba da kwangila kuma launin shafi yake dubawa, ba ya tambayar me zai faru idan netwok ya yanke. Rana ta ƙarshe dubban mutane ke afka wa saba ɗaya. Akwai kuma dalilin tsaro da ke hana a bayyana wa kowa cikin kuskure dalla-dalla, don kada ɓarayin intanet su amfana. Duk na yarda. Amma ɓoye sirrin saba daban, barin mutum bai san ko an cire kuɗinsa ba daban. Cewa hotonka ya wuce megabait 1 ba ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Cunkoson ranar ƙarshe kuma ba ba-zata ba ne, wanda ya saka ranar ya san za a yi shi. Shi ya sa nake ganin laifin bai tsaya kan mai rubuta shiri ba, ya haɗa da hukuma ko kamfanin da ya karɓi aikin bai gwada ba.

Kafin su gyara, ka kare kanka

Kafin ka fara cika fom mai muhimmanci, ka buɗe shi a cikakkiyar burauza kamar Chrome ko Firefox. Idan ta cikin Facebook ko wata manhaja ka danna adireshin, ka zaɓi a buɗe a burauza. Ka guji yanayin matse data mai tsanani na Opera Mini wajen biyan kuɗi, domin a wannan yanayin sabobin Opera ne ke sarrafa shafin kafin ya iso wayarka, kuma JavaScript ba ya aiki cikakke. Ka tabbata kwanan wata da agogon wayarka daidai suke, saboda idan sun kauce burauza na iya ƙin amincewa da shaidar tsaron shafin. Ka tanadi takardunka a kusa, ka rage girman hoto tun da wuri, dogon rubutu kuma ka fara yin sa a manhajar rubutu sannan ka kwafo.

Idan ka danna ba abin da ya motsa ko kaɗan, ka haura sama a hankali. Sau da yawa akwai wani gurbi da ya yi ja can sama inda allon waya bai nuna ba. Ka duba ko allon rubutu ya ƙara fili a ƙarshen imel ɗinka, ka duba ko lambar waya ake so da sifili a farko ko da +234. In sunanka na da alamar ɗauri kuma fom ya ƙi, ka gwada miƙaƙƙiyar alamar. Kada ka yi saurin cire ta a fom na hukuma ko banki, domin bambancin suna tsakanin takardu na iya jawo maka wata wahalar nan gaba.

Idan kuwa da'ira ta fito tana juyawa, ka danna sau ɗaya ke nan, ya isa. Ka ɗauki hoton allo mai nuna lokaci. Kada ka koma baya, kada ka sabunta shafin nan take. In maganar kuɗi ce, ka duba tarihin hada-hada a manhajar bankinka, kada ka dogara da alat na tes kaɗai tunda yakan makara. Ka duba imel. Ka buɗe wani sabon shafi ka shiga asusunka ka ga ko rajistar ta shiga, wasu shafukan ma suna da wurin sake tantance biya. Sai ka tabbatar ba abin da ya tafi sannan ka sake turawa. In an cire kuɗin ba a ba ka risit ba, ka adana lambar shaidar cinikin, da ita za a bi sawu.

In ka ga lamba a allo, ka yi amfani da ita. Mai farawa da 4, akwai abin da za ka gyara ko ka sake shiga asusunka. Mai farawa da 5, ba abin da za ka iya, sauya layi ko sayen sabuwar data ba zai amfana ba, jira za ka yi ka dawo lokacin da jama'a suka ragu.

Abu na ƙarshe, ka kai ƙorafi, kuma ka kai shi da hujja. Cewa shafinku ba ya aiki ba ta taimaki kowa. Ka rubuta musu ranar da lokacin, irin wayarka da burauzarka, matakin da ka tsaya, abin da allo ya nuna, ka haɗa da hoton, amma ka rufe lambar katinka. Mai gini na gari zai iya gano matsalar cikin mintuna da irin wannan bayani. Wanda bai damu ba kuma, idan ƙorafi ɗari masu hujja suka taru a teburin maigidansa, zai damu.

Da zangon karatu ya zagayo, ƙanwata ta sake zama gaban fom ɗin nan. Ba a canza masa komai ba, da'irar ta fito tana juyawa kamar wancan karon. Ta ɗauki hoton allo, ta ajiye wayar, ta buɗe manhajar banki a tawa wayar. An cire kuɗin sau ɗaya. Bayan kusan rabin sa'a risit ya shigo imel ɗinta. Ita ta koyi darasinta da kuɗinta da lokacinta. Waɗanda suka gina fom ɗin ne har yanzu ba su koyi nasu ba, kuma a bana ma akwai sababbin ɗaliban da za su danna sau biyu.